Tsimes: Karas mai sheƙi na Yahudawan Turai, da yadda na rage masa zuma

Na san da yawanku kuna cikin shirin jarrabawar ƙarshen zango, Allah ya ba da sa'a. Yau kicin za mu shiga. Ku samari kada ku yi saurin juya shafi, domin akwai tarihi da lissafi da kimiyya a cikin tukunyar nan, kuma ranar da kuka shigo jami'a za ku gane cewa ba kullum ake samun mai dafa wa mutum ba.

A zangon da ya wuce malamarmu ta darasin abinci mai gina jiki ta ba mu wani aiki. Ta ce kowa ya zaɓi abincin biki na wata al'umma da ba tasa ba, ya binciko tarihinsa, ya lissafa sukarin da man da ke cikinsa, sannan ya gwada dafa shi ta hanyar da ta fi dacewa da lafiya ba tare da ya ɓata shi ba. Kafin in yi wani motsi an riga an kwashe na Indiya da na Larabawa da na Sin. Sai na faɗa kan wani abincin Yahudawan Gabashin Turai da ake kira tsimes. Gaskiya arha ce ta ja ni. Kusan dukkansa karas ne, ga shi lokacin sanyi ne, masu baro suna ta wucewa da shi ta ƙofar ɗakunan kwananmu.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya da ta ga abin da nake rubutawa sai ta ce, "Ke, abincin Yahudawa kuma?" Na san akwai mai karatu da zai yi irin wannan tambaya. Abin da na ce mata shi ne ta leƙa tukunyar: karas, zuma, lemo, mai, gishiri, citta. Babu wani abu a ciki da babu shi a kicin ɗin gidansu. Kuma wannan girki na talakawan ƙauyukan Turai ne, ya girmi ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948 nesa ba kusa ba.

Mutanen da muke magana a kansu ana kiransu Ashkenazi, wato Yahudawan da suka zauna ɗaruruwan shekaru a Jamus, sannan suka bazu gabas zuwa Foland da Lituwaniya da Yukiren. Harshensu na gida shi ne Yidish, wanda tushensa Jamusanci ne, an gauraya shi da kalmomin Ibrananci da na maƙwabtansu, ana kuma rubuta shi daga dama zuwa hagu. Daga 1791 har zuwa 1917 daular Rasha ta killace mafi yawan Yahudawan da ke ƙarƙashinta a yankin yammacin ƙasar, ba su da ikon zama inda suka ga dama. Da yawansu talakawa ne a ƙananan garuruwa: teloli, masu gyaran takalmi, 'yan tireda. A can idan hunturu ya shigo ƙasa daskarewa take yi, wata da watanni ba a shuka komai. Saboda haka abin da ke rufa wa gida asiri shi ne kayan gona masu jure ajiya a rami ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, irin su dankalin Turawa da albasa da kabeji da karas. A cikin waɗannan kuwa karas ne mai zaƙi.

Babbar ranar tsimes ita ce sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, wadda ke faɗowa a watan Satumba ko farkon Oktoba, daidai lokacin da ake haƙe karas a ƙasashen. Masu karatun Larabci a cikinku za su ji sunan ya yi musu kama da ra'asus sana, kuma ma'anar ɗaya ce, kan shekara. A daren ana cin abubuwa masu zaƙi da fatan shekara ta zo da daɗi, ana tsoma yankan tufa a zuma. Shi karas yana da dalili biyu na kansa. Na farko, a Yidish kalmar "mern" tana nufin karas, tana kuma nufin ƙaruwa ko yawaita, sai cin sa ya zama kamar addu'ar alheri ya ƙaru. Na biyu, ana yanka shi zagaye-zagaye, idan ya dahu yana sheƙi sai ya yi kama da sulallan zinariya. Wasunku ma ban da tabbacin kun taɓa sayen wani abu da tsabar kuɗi, amma dai kun gane. Wani abin da ya ba ni dariya shi ne, Yahudawan Masar da Siriya irin wannan fata suke yi a wannan dare, amma da wake, irin namu mai baƙin hanci.

Tsimes ba iri ɗaya ba ne. Akwai na karas zalla, akwai mai dankali, akwai mai zabibi da wasu busassun 'ya'yan itace baƙaƙe masu zaƙi da ɗan tsami, akwai kuma wanda ake dafawa da naman ƙirjin sa a kan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i. Dokar abincinsu ta hana naman alade, ta kuma hana haɗa nama da madara a ci ɗaya. Don haka idan za a ci tsimes da nama ba a sa masa man shanu, sai a narka kitsen kaza ko na dinya a yi amfani da shi. Yankan da jiran da juyawar suna da yawa, har ta kai a Yidish idan aka ce mutum yana "yin tsimes" a kan wani abu, ana nufin ya mai da ƙaramar magana babba.

To, ina matsalar take? A wajen zaƙin take. A da, zuma aba ce mai tsada, uwar gida takan ɗan ɗiga ta ne a ranar biki. Sukarin rake kuwa daga nesa ake kawo shi, sai masu hali. A 1747 wani masanin kimiyya Bajamushe, Andreas Marggraf, ya nuna cewa ana iya fitar da sukari daga saiwar wani tsiro na ƙasashen sanyi da ake kira bit. Ɗalibinsa Franz Achard ya kafa masana'antar farko a yankin Silesiya a farkon shekarun 1800, wurin kuma yanzu yana cikin Foland. Da masana'antun suka yawaita sai sukari ya sauko inda talaka zai iya saye, Yahudawan Foland suka shahara da zuba shi har a cikin kifi, alhali 'yan uwansu na Lituwaniya sun fi son gishiri da masoro. Daga baya, tsakanin 1881 da 1924, Yahudawa fiye da miliyan biyu suka bar Gabashin Turai zuwa Amurka, inda sukari ya fi arha kuma. Abincin da aka ƙirƙira lokacin da zaƙi baƙo ne sai ya tsinci kansa a gidan da sukari ke cike da gwangwani.

Yawancin waɗancan garuruwa babu Yahudawa a cikinsu yanzu. A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi sun kashe Yahudawa kimanin miliyan shida. Ga iyalai da dama, girki irin wannan yana cikin 'yan abubuwan da suka rage musu daga kakanninsu. Da na karanta wannan sai na ɗan ji nauyin aikin da aka ba ni. Ku ɗauka wata baƙuwa ta zo ta ce za ta gyara muku miyar kukar kakarku. Sai na yanke cewa duk abin da zan rage, dole karas ɗin ya fito zagaye, da zaƙi, da sheƙi, da ɗanɗanon zuma. Idan aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, dafaffen karas kawai aka yi.

Gwajina na farko ƙonewa ya yi. Na bi wani girki da na samo wanda ya ce a sa rabin kofin zuma da kwatan kofin sukari a kan karas kilo ɗaya, na mutum shida. Na zuba komai lokaci ɗaya a tukunya, na ɗora a risho, na koma kan gado ina duba waya. Warin ne ya tashe ni. Gindin tukunyar ya yi baƙi ƙirin, na saman kuma zaƙinsa har hawa kai yake yi, kamar alewa. Kwana biyu tukunyar tana jiƙe, kuma ba tawa ba ce.

Sai na zauna na yi lissafin da ya kamata in fara yi tun farko. Babban cokalin zuma ɗaya yana ɗauke da sukari kimanin giram 17. Rabin kofi cokali takwas ne, wato giram 136. Kwatan kofin sukari giram 50 ne. Jimilla 186. A raba wa mutum shida, kowa ya tashi da giram 31. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi, ƙananan cokula 12. Ta ce idan aka sauko da shi ƙasa da giram 25 ya fi. Kun ga ke nan ɗan abin da za a ɗiba a gefen faranti ya riga ya wuce wannan 25 ɗin, tun ba a yi maganar shayin safe da lemon kwalba ba.

Wani zai ce ai yawancinsa zuma ce. Nan ne nake son ku tsaya da ni, domin a kan wannan magana muka kwashe rabin yini da kakata. Tana da ciwon sukari shekaru da dama. Ta daina sa sukari a shayi da koko kamar yadda likita ya ce, amma ta maye gurbinsa da zuma, kuma ba ɗigawa take yi ba, tuttulawa take yi. Da na je hutun ƙarshen mako na ce mata, "Hajiya, zumar nan fa ita ma sukari ce." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ji min kishiya! Shekara biyu kacal a jami'a, yau ke za ki gaya mini mene ne zuma?" Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ba raina ta na yi ba."

Kuma da gaske ban raina ta ba. Zuma abinci ce mai daraja a wurinmu, tana da ƙamshi da amfanin da farin sukari ba shi da su. Amma a kowane giram 100 na zuma, wajen 80 sukari ne, kusan duk sauran ruwa ne. Idan ta shiga jiki tana ɗaga sukarin jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta, tare da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, a cikin sukarin da ake son a taƙaita. Mutane da yawa suna ganin idan an cire sukari an zuba zuma daidai yawansa to girki ya zama na lafiya. Bai zama ba. Abin da zumar ke taimakawa da shi shi ne, ƙamshinta yana da ƙarfi, kaɗan ya isa a ji ta. Kuma tunda muna kan maganar, ku masu ƙanne jarirai ku riƙe wannan: likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba zuma, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba.

Ga yadda na koma yin nawa, bayan gwaji na huɗu. Wannan na mutum uku ne. Ku sami karas rabin kilo, matsakaita kamar guda takwas. Ku zaɓi masu tauri, waɗanda idan aka lanƙwasa za su karye, domin wanda ya yi yaushi ya kwana biyu kuma daɗinsa ya ragu. A wanke shi sosai saboda ƙasa da ruwan lambu, a kankare sama-sama, a yanka zagaye-zagaye kaurin rabin santimita. Ku yi ƙoƙari kaurin ya zo ɗaya, in ba haka ba wani zai narke wani yana ɗanye. Sauran kayan su ne man gyaɗa ko man zaitun babban cokali ɗaya, lemon zaƙi ɗaya a matse, ruwa rabin kofi, ɗanyar citta kamar kan ɗan yatsa a goge, kirfa ɗan kaɗan, gishiri ɗan kaɗan, zuma babban cokali ɗaya, da ɓarin lemon tsami. Mai so zai iya ƙara dabino uku, a cire ƙwallon a yayyanka, a madadin busassun 'ya'yan itacen da suke sawa. Sai dai shi ma dabinon zaƙi ne, kada a mai da ukun goma.

A nemi tukunya ko kasko mai faɗi, ba mai zurfi ba. A zuba mai, idan ya yi zafi a zuba karas da gishiri a juya minti uku zuwa huɗu. Sannan a zuba ruwan lemon zaƙi da ruwa da citta da kirfa, a rufe, a rage wuta. Bayan minti takwas zuwa goma a soka cokali mai yatsu. Idan ya shiga amma karas ɗin bai fashe ba, ya yi. Yanzu a buɗe murfin, a zuba zuma da dabino, a ɗan ƙara wuta, a tsaya a kai ana juyawa. Na ce a tsaya. Cikin minti biyar ko kusa da haka ruwan zai ja, kumfar za ta koma manya-manya tana fashewa a hankali, karas ɗin ya ɗau sheƙi. Da zarar ruwan ya rage kamar cokali ɗaya mai kauri, a sauke, a matsa lemon tsami.

Lissafin wannan: zuma giram 17, ruwan lemo wajen 7, jimilla 24, a raba uku kowa giram 8. Daga 31 zuwa 8, kuma mai ya tsaya a cokali ɗaya, ba kitsen kaza.

Abin da ya fi burge ni shi ne sheƙin bai ragu ba. Da ina zaton yawan zuma ne ke kawo shi. Ashe tafiyar ruwa ce. Shi kansa karas yana da sukari wajen giram 5 a kowane giram 100, kuma kusan kashi 88 cikin 100 nasa ruwa ne. Lokacin da yake rufe yana dahuwa, wani ɓangare na sukarin nan yana fitowa cikin romon. Da aka buɗe murfi ruwa ya tafi a tururi, sukari da mai kuma ba sa bin tururi, sai su taru su yi kauri su lulluɓe kowane yanki. Wannan ne dalilin tukunya mai faɗi: fili ya fi yawa, ruwa ya fi saurin tashi, kafin karas ya dagargaje.

Ƙonewar da na yi ma tana cikin littafin kimiyyarku. Muddin akwai ruwa a tukunya, zafinta yana tsayawa kusa da digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, ko yaya aka hura wuta. Da ruwan ya ƙare sai zafin ya haura a guje. Farin sukari yana fara yin ja ne wajen digiri 160, amma irin sukarin da ya fi yawa a zuma, furuktos, tun wajen 110 yake farawa. Tsakanin sheƙi da gawayi bai fi minti ɗaya ba. Shi ya sa nake ajiye zuma sai ƙarshe. Gishirin kuwa ba kuskure ba ne, ɗan kaɗan daga cikinsa yana sa harshe ya ƙara jin zaƙi, lemon tsami kuma yana hana zaƙin gundurar mutum.

Wata 'yar ajinmu ta ce me zai hana in cire man gaba ɗaya tunda lafiya ake nema. Ban yarda ba, malamarmu ma ta goyi bayana. Abin da ke ba karas launinsa wani sinadari ne, bita-karotin, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A. Wannan sinadari a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, kuma yana kulle ne a cikin ƙwayoyin karas masu tauri. Dafawa tana sassauta su, mai kuma yana taimaka wa hanji ya tsotse shi. Wato dafaffen karas da ɗan mai ya fi ba jiki bitamin A fiye da ɗanyen da muke gwaguya a hanyar makaranta, ko da yake ɗanyen ma ba laifi. Rashin bitamin A yana kawo dundumi, mutum ya kasa gani da zarar magariba ta yi, kuma yana raunana garkuwar jikin yara. Amma kada wani ya ajiye tabarau ɗinsa ya ce ya koma karas. Labarin cewa karas na sa a gani cikin duhu Birtaniya ce ta kambama shi a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da matuƙan jiragenta ke harbo jiragen Jamus da dare da taimakon na'urar rada.

Su Yahudawa a gefen gasasshiyar kaza ko naman sa suke cin tsimes. Ni a gefen shinkafa da wake na sa shi, da yaji, kuma zaƙin da yajin sun yi zaman lafiya fiye da yadda na zata. Da taliya bai yi min daɗi ba. Idan ya rage a rufe a sa a firji, washegari ma ya fi daɗi, a ɗumama da ruwa cokali biyu. Inda babu wutar da za ta riƙe firji, a dafa daidai ci. Ƙananan cikinku kuma kada ku kunna gas ko risho sai da babba a kusa, domin narkakken sukari idan ya taɓa fata mannewa yake yi, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi.

Na kai wa Hajiya Kaka nata, wanda na dafa ba dabino, zumar ma rabin cokali. Ta ɗauki yanki ɗaya ta juya shi tana kallo, ta ce ita a saninta karas na yara ne da masu salak. Ta ci biyu, ta ci na uku, sannan ta ce, "Kishiya, wannan zuma nawa kika zuba?" Na nuna mata cokalin. Ba ta ce komai ba. Kwalbar zumarta dai tana nan kusa da filas ɗin shayi, amma ta yarda idan ranar asibitinta ta zo a watan gobe zan raka ta, mu tambayi likita tare cokali nawa ya halatta mata.

Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kaya, har da waɗanda suka ƙona tukunya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.